"Kwamfuta Ce Ta Cire Ki": To, Wa Za Mu Tambaya?

Ranar wata Talata, bayan an gama yankan gero a bara, na raka wata dattijuwa 'yar ikkilisiyarmu zuwa wani ofishi. Gwauruwa ce, mijinta ya rasu shekara shida ke nan, tana kuma riƙe da jikoki huɗu. An taɓa rubuta sunanta cikin masu karɓar wani tallafi, ta karɓa sau biyu, daga nan sai shiru. Maƙwabtanta suna ta samu, ita ko labari. Muka hau babur daga Ƙarofi tun da hantsi, muka bi layi har rana ta take, kafin muka isa gaban wani saurayi mai ladabi da ke zaune a bayan tebur.

Ya duba, ya sake dubawa, sannan ya ce, "Mama, ki yi haƙuri. Ba daga nan ba ne. Kwamfuta ce ta cire ki."

Ta gyara zama, ta ce, "To ɗana, a kira mini ita kwamfutar mana, in yi mata bayani."

Mutanen da ke layi suka fashe da dariya. Ni ma na yi murmushi, ba zan ɓoye ba. Amma muna kan hanyar komawa gida, tana bayana a kan babur ba ta ce uffan ba, sai na gane cewa duk cikinmu ita kaɗai ce ta yi tambayar da ta dace. An yanke mata hukunci, tana so ta ga wanda ya yanke. Ko kuskuren harafi ne a lambarta ta ɗan ƙasa, ko lissafi ne na na'ura ya nuna ta fi ƙarfin taimako, babu wanda ya iya gaya mata, har da shi saurayin. Wannan ne ya sa na ɗauki alƙalami.

Masu karatu, abin da ake kira ƙirƙirarriyar basira a yau ba aljani ba ne, ba kuma sihiri ba ne. Ku ɗauki misalin yaron dillali a kara. Yana tsaye kusa da ubangidansa shekara da shekaru, yana ganin raguna da kuɗin da aka sallama su, har ya kai ga in ya dubi rago sau ɗaya zai faɗi kuɗinsa. Haka ake koya wa na'ura mai ƙwaƙwalwa. A kan nuna mata dubban gidaje waɗanda an riga an san halinsu, ta lura da alamomin da ke tafiya tare da talauci, alal misali irin rufin ɗaki, da nisan gari daga kwalta, da yawan katin waya da ake sakawa. Daga nan sai a nuna mata gidan da ba ta sani ba, ta yi masa kuɗi. Yaron dillali dai in ya yi kuskure mai rago zai kama shi da gardama nan take. Ita na'ura tana can nesa, kuma miliyoyin gidaje take yi wa kuɗi a dare ɗaya.

Kada wani ya ce wannan zancen Turai ne. Ya iso gida tuni. A shekarar 2016 gwamnatin tarayya ta kafa ofishin NASSCO domin ya tattara rajistar talakawa da marasa galihu ta ƙasa. Yadda aka tsara aikin tun farko, ni a ganina, akwai hikima a ciki. A kan je gari, a tara maza daban, mata daban, matasa daban, a ce kowane rukuni ya faɗi abin da ake nufi da talaka a garinsu, sannan ya lissafa gidajen da suka shiga wannan hali. Sai a haɗa jerin sunayen a gaban jama'a a daidaita. Bayan haka ne ma'aikata ke bi gida-gida da tambayoyi, a shigar da amsoshin cikin na'ura, ita kuma ta jera gidajen daga na ƙasa zuwa na sama. Daga cikin wannan rajista ne aka riƙa biyan Naira 5,000 a wata, wato Naira 10,000 duk bayan wata biyu, da taimakon Bankin Duniya da kuma Dala miliyan 322 na kuɗin Abacha da ƙasar Suwizalan ta maido. Wata ƙungiya mai suna ANEEJ da ke birnin Benin, wadda Rabaran David Ugolor ke shugabanta, ta jagoranci ƙungiyoyin sa-kai suka bi sawun kuɗin nan har ƙauyuka, suna tambayar mutane ko sun karɓa. Wannan abin a yaba ne, kuma abin alfahari ne gare mu cewa bawan Allah ne ya tsaya a kai.

Da annobar korona ta zo, aka ga babu lokacin tara mutane a gindin itace. A watan Janairun 2021 Mataimakin Shugaban Ƙasa na lokacin, Farfesa Yemi Osinbajo, ya ƙaddamar da wata rajista ta gaggawa domin talakawan birane da kewayensu, da niyyar ba gidaje miliyan 1 Naira 5,000 a wata har wata shida. A nan ne aka shigo da hotunan tauraron ɗan adam da na'ura mai koyo domin a gano unguwannin da suka fi talauci, sannan a aika wa wayoyin mutanen wurin saƙo, wanda ya amsa a bi shi a tantance. Masana daga Jami'ar Kalifoniya ta Berkeley a Amurka, tare da kamfanin da ke da Facebook, sun zana taswirar arziki da talauci ta ƙasashe masu tasowa 135, har da tamu, inda suka yanka ƙasa gida-gida kamar dara, kowane gida kilomita 2.4 tsawo da faɗi. Ke nan Ƙarofi ma tana da nata maki a cikin wata na'ura, ko da yake ba a taɓa karanta mana shi ba.

A ƙasar Togo an wuce nan. A shirinsu na Novissi, na'ura ce ta duba yadda mutum ke amfani da wayarsa, ta kintata ko talaka ne. Su kansu masanan da suka yi aikin sun buga sakamakonsa a mujallar Nature a 2022, kuma sun faɗi gaskiya. In aka kwatanta da raba tallafi bisa yanki kawai, na'urar ta rage tsallake mabukata da kashi 4 zuwa 21 cikin 100. Amma in aka kwatanta da cikakkiyar rajista ta bin gida-gida, sai ta ƙara tsallake su da kashi 9 zuwa 35. Wanda ba shi da waya kuwa, na'urar ba ta ma san da shi ba. Na kawo alƙaluman nan ne domin kada a ce ina gaba da ci gaba. Abin yana da amfani, musamman a lokacin gaggawa. Yana kuma kuskure, waɗanda suka ƙera shi ma sun san haka.

To yanzu bari mu kawo alamomin nan gida, mu gwada su a ƙasar Dutsin-Ma da Kurfi.

Rufin kwano, a idon tauraron ɗan adam, alamar rufin asiri ce. Amma duk wanda ke zaune a nan ya san gidaje nawa ne masu rufin kwano suka cika maƙil da 'yan'uwa da suka gudo daga ƙauyukan yamma, ta wajen Safana da Batsari da Ɗanmusa, saboda 'yan bindiga. Gidan da a da ake dafa tiya ɗaya yanzu tiya uku ba ta isa. Hoto daga sama zai ga kwano yana walƙiya, ba zai ga mutum 20 da ke kwana a ƙarƙashinsa ba. Gona kuma fa? Mutum yana da gona babba a takarda, amma shekara uku bai isa ya taka ta ba. In aka tambaye shi ko yana da gona zai ce i, domin ba zai yi ƙarya ba, na'ura kuma ta ɗaga shi sama.

Zancen waya ya fi ban takaici. A watan Satumban 2021 aka katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina saboda tsaro, har da Dutsin-Ma da Kurfi, ba a maido ba sai a watan Disamba. Duk wanda aka aika wa saƙo a waɗannan watanni, iska ta sha. A watan Afrilun 2022 kuma aka toshe kira daga layuka fiye da miliyan 70 a faɗin ƙasa, saboda ba a haɗa su da lambar NIN ba. Ban da wannan, mata nawa ne a ƙauyukanmu, Kirista da Musulmi, ke da wayar kansu? Da yawa da lambar miji ko ta ɗa aka rubuta su. Ɗan ya tafi ci-rani Legas ko Abuja da layin a aljihunsa, yana saka kati yana kiran abokai. A wurin na'ura, wannan tsohuwa ta zama mai yawan kira daga birni.

Babu ɗaya daga cikin abubuwan nan da yake asiri. Ko wace shugabar zumuntar mata ta san su, ko wane mai unguwa da limami ya san su, ko yaron da ke cajin waya a bakin kasuwa ya san su. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Abin tambaya shi ne, a wane mataki ake kiran mai ɗakin? In an kira shi ranar ƙaddamarwa domin ya yi tafi a ɗauki hoto, ba a yi shawara da shi ba. Lokacin da shawararsa ke da amfani shi ne ranar da masu ƙira ke zaune suna yanke abin da za a ɗauka a matsayin alamar wadata, da nauyin da za a ba kowace alama. A ranar ne ake yanke hukuncin tsohuwar nan, tun kafin a san sunanta.

Wasu ƙasashe sun ɗanɗana. A ƙasar Jodan, ƙungiyar Human Rights Watch ta fitar da rahoto a watan Yunin 2023 a kan shirin tallafi na Takaful, wanda ke auna iyalai da alamomi 57. Sun sami iyalan da tsohuwar mota, ko yawan wutar lantarki da suka sha, ya ja musu baya a lissafi, alhali ba su da abin sawa a baki. A ƙasar Holan kuwa abin ya kai ga tashin gwamnati. Hukumar haraji ta yi amfani da na'ura wajen zaɓo waɗanda ake zargi da cutar gwamnati a kuɗin renon yara, kuma kasancewar mutum ɗan wata ƙasa na cikin abin da ke ɗaga zargi a kansa. Iyaye kimanin 26,000 aka ɗora wa laifin da ba su yi ba, aka ce su maido da kuɗi masu yawa, gidaje suka mutu, wasu suka tsiyace. A ranar 15 ga Janairun 2021 Firayim Minista Mark Rutte da dukan ministocinsa suka ajiye aiki, daga baya kuma aka ci hukumar harajin tarar Yuro miliyan 2.75. Abin lura a nan, ba a ce na'ura ce ta yi ba a tashi taro. An nemi mutanen da suka kafa ta.

Littafi Mai Tsarki bai san kwamfuta ba, amma ya san wannan shari'ar. A Fitowa sura 21, an bambanta tsakanin san da ya yi kisa ba zato, da wanda an san yana tunkuyi, an kuma faɗa wa mai shi amma bai ɗaure shi ba. A na biyun, alhakin yana wuyan mai san. A Maimaitawar Shari'a sura 22 kuma, an umarci mai gina sabon gida ya yi wa soronsa rawani, domin kada wani ya faɗo jininsa ya hau kan gidan. Tun a wurin gini ake tunanin wanda zai iya faɗowa. Wanda ya sayi na'ura da kuɗin jama'a, ya sake ta cikin talakawa, an kuma gaya masa tana tunkuyi, ba shi da bakin cewa sa ne ya yi.

Mu mutanen Dutsin-Ma ba baƙi ba ne ga aikin da ba a san wanda za a tambaya ba. An gama madatsar ruwa ta Zobe a kan kogin Karaduwa a 1983, zamanin marigayi Shugaba Shehu Shagari, da alkawarin ruwan sha da noman rani. Ruwa ya taru, yana nan kwance muna kallonsa, gwamnatoci suna zuwa suna wucewa, kowace tana nuna ta baya da yatsa. Sai a watan Yulin 2021 ne marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya zo ya buɗe aikin ruwan shan, shekara 38 bayan nan. Yaran da aka haifa shekarar da aka gama madatsar sun yi furfura kafin ranar. Zobe dai ƙasa ce da siminti, kowa na ganinta, ɗan jarida na iya zuwa ya ɗauki hotonta. Ina ga aikin da ba a ganinsa sam, wanda ke cikin wata na'ura a Abuja ko a ƙetare?

Ita rajistar ƙasa ma ta sha suka. A watan Yulin 2023 Majalisar Tattalin Arziki ta Ƙasa, wadda gwamnoni ke ciki, ta ce ba ta amince da sahihancinta ba, ta ce jihohi su yi tasu. A watan Janairun 2024 aka dakatar da ministar jin ƙai, Dakta Betta Edu, tare da shirye-shiryen tallafin, da aka dawo da biya kuma sai aka ce dole a tantance kowa da NIN ko BVN. Manya sun yi ta musu a kan rajistar, ko wanne da hujjarsa. Ban ji an zo an tambayi waɗanda sunayensu ke ciki ba.

Akwai abu ɗaya da nake so kowane fasto da katikis da shugabar mata su sani, domin ni kaina ban san shi ba ranar da na raka tsohuwar nan. A watan Yunin 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a Dokar Kare Bayanan Jama'a ta Nijeriya. Sashe na 37 na dokar ya ba mutum 'yancin kada a yanke masa hukunci mai nauyi a rayuwarsa ta hanyar na'ura kaɗai. Akwai togaciya, alal misali inda wata doka ta ba da izini ko mutum ya yarda da kansa, amma dokar ta tanadi cewa mutum na iya neman ɗan adam ya duba maganarsa, ya faɗi ta bakinsa, ya kuma ƙalubalanci hukuncin. An kafa hukuma ta musamman domin wannan doka. Ashe abin da Mama ta nema, wanda muka yi wa dariya, yana nan rubuce a dokar ƙasa. Sai dai doka da Turanci a Abuja, tsohuwa da Hausa a Ƙarofi, ganin Dala ba shiga birni ba ne.

Haka nan a watan Afrilun 2024 Ministan Sadarwa, Dakta Bosun Tijani, ya tara masana kimanin 120 a Abuja domin su tsara manufar ƙasa a kan ƙirƙirarriyar basira, aka fitar da daftarin a watan Agusta. Madalla da masana, ba za a yi ba tare da su ba. Amma da ɗan gari a kan ci gari.

Kafin in nuna wa gwamnati yatsa, bari in faɗi nawa laifin. Kowace shekara bayan sujadar godiya ta kaka, mukan raba hatsin da aka kawo baiko ga gwauraye da marayu. Shekara biyu da suka wuce ni aka ba aikin rubuta sunaye. Na ɗauko littafin membobi, na bi shi layi-layi, na fitar da jeri mai tsabta, har ina jin daɗin cewa ban yi son kai ba, littafi na bi. Bayan an raba, sai wata uwa a zumuntar mata ta tare ni a bakin ƙofar majami'a, ta ce, "Malam, matan da ke zama a bencin baya fa?" Mata biyar ne da suka gudo daga ƙauyukansu, suna zuwa sujada duk Lahadi, amma sunayensu na littafin wata ikkilisiya da yanzu ba kowa a cikinta. Na buɗe baki zan ce ai ba sa cikin littafi, sai kunya ta rufe ni. Ni ma na zama kwamfuta.

A daren nan na sake karanta Ayyukan Manzanni sura 6. A ikkilisiyar farko ta Urushalima, masu jin Helenanci sun yi gunaguni cewa ana tsallake gwaurayensu a rabon abinci na kullum. Manzanni ba su ce tsari ne ya yi ba, ba su kuma ce masu gunaguni ba su da godiya ba. Suka tara jama'a duka, suka ce su zaɓi mutum bakwai da kansu. Abin da ban taɓa lura da shi sosai ba sai a daren, shi ne dukan bakwai ɗin sunayen Helenanci gare su, daga Istifanas da Filibus har Nikolas mutumin Antakiya. Masu sharhi da yawa na ganin daga cikin ɓangaren da aka tsallake aka ɗauko masu rabon. An kuma rubuta sunayensu ɗaya bayan ɗaya, saboda haka gwauruwar da ba ta samu ba ta san ƙofar da za ta buga.

Abin da nake roƙo ga masu ƙera irin waɗannan na'urori da masu sayensu da sunanmu bai wuce haka ba. Kafin a kafa alamomi, a zo a karanta mana su da Hausa, a gaban dagaci da limamai da fastoci da mata, musamman waɗanda aka taɓa tsallakewa, a kuma yarda a canza in mun ce wannan alama ƙarya take yi a ƙasarmu. Wanda aka cire a gaya masa dalili da bakin da yake ji. A kowace ƙaramar hukuma a sami mutum mai suna da ofishi, wanda ke da ikon gyara abin da na'ura ta yi, ba mai ba da haƙuri kawai ba. Shi ma saurayin nan na bayan tebur an cuce shi, an ajiye shi yana shan zagi a kan abin da ba shi da mabuɗinsa.

Mu kuma a ikkilisiya mun canza yadda muke yi. Yanzu mata uku ne ke rubuta jerin tare da ni, ɗaya daga cikinsu 'yar bencin baya ce, kuma a kan karanta wa dattawa da shugabannin mata shi mako guda kafin rabo, domin mai gyara ya gyara. Da muka ba mai unguwarmu labari, ya ce zai kai maganar masallaci, domin su ma suna da irin wannan jeri lokacin zakkar kono.

Ita kuwa Mama, mun zauna da wani ɗan ikkilisiya da ke karatu a Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, muka rubuta takarda da Turanci da Hausa, muka ambaci sashe na 37, ta dangwala yatsa. Mun kai, an karɓa, an buga hatimi a kwafinmu. Wata na uku ke nan. Ta naɗe kwafin a leda ta sa cikin Littafinta, duk Lahadi kuma bayan an tashi sujada takan tsaya ta ce, "Malam, an kira?"